Dasashin Wa?

Shekara ashirin da shida Malam Mas'udu tela ya yi a unguwar Nima, amma har yau bai yafe wa mutanen zango Hausarsu ba. Shi ɗan Damagaram ne, kunnensa ba ya ɗaukar a ce wa mace "ya zo". Matarsa Mulikatu, wadda aka haifa a Maamobi, maƙwabciyar Nima, da safe sai ta ce, "Awabu ya kawo gawayi." Shi kuma ya ajiye almakashi ya tambaya, "Yaushe Awabu ta zama namiji?" Sun yi wannan har ta daina amsa masa.

Wata Asabar aka zo duba haƙora kyauta a filin makarantar unguwa. Mulikatu ce ta ja shi, don dasashinta ya kai wata biyu a kumbure, in ta yi asuwaki sai jini. Ta gwada kanumfari, ta gwada ruwan gishiri, shiru. Likitar ta leƙa bakinta ta jima, ta leƙa nasa ta yi tsaki saboda goro, sannan aka ɗebi jinin su biyun.

Bayan kwana huɗu, yana cikin ɗinkin wuyan wata riga, 'yarsu Nadiya da ke aure a unguwar Malam ta turo masa saƙon murya. Ba muryarta ba ce. Ta Jannatu ce, ƙawarta, nas a ƙaramin asibitin unguwa.

"Nadiya, dokita ya ce jininshi bai yi kyau ba koraa, ko kaɗan. Wannan dasashi nashi, yana iya zama kansa. Ya zo da sauri, kar ya zauna."

Ƙafar Mas'udu ta tsaya a kan keken ɗinki. Ya sa harshe ya shafa dasashinsa, nan take ya ji kamar ya kumbura. Goro ne, ya ce a ransa, goron shekara arba'in ne ya zo karɓar abinsa. Ya kira Nadiya.

"Baba, ka ji?"

"Na ji. Kada ki gaya wa uwarki, hankalinta zai tashi. Ni zan san yadda zan yi."

"To Baba, amma a je da wuri."

"Za a je."

Ba a je ba. Mutumin da ke gyara wa unguwa guda harshe ya kasa taka ƙofar asibiti, don tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya daina cin goro. Ya riƙa kiran waɗanda suka kawo masa ɗinki su zo su kwashi yadinsu. Ya je ya nemi gafarar Saddique mahauci kan wata tsohuwar gaba, har Saddique ya tambaye shi ko Makka za shi. Duk lokacin da Nadiya ta kira, sai ya ce ana kan abin.

A gida ya ce bakinsa ke ciwo. Mulikatu ta shiga dama masa koko mai laushi, ta daka sauran kanumfarinta ta ba shi duka. Ita kuwa in ta gama tuyar ƙosai sai ta zauna a bakin ƙofa tana haki, da wasu tabo shuɗi-shuɗi a hannunta da ba ta san inda ta buge ba. Ya gani, amma idonsa na kan madubi, yana ɗage leɓe.

Rana ta tara ya yi wanka, ya sa farar riga, ya tafi asibitin shi kaɗai. Likitar ta haska bakinsa, ta ce dattin goro ne, a wanke masa. Yawancin kumburin dasashi haka yake, in ji ta, datti ne ko ƙwayar cuta. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya ƙi saɓewa, yana zubar da jini, mai shi na fama da gajiya da tabo a jiki. Wannan sai an binciki jini sosai, don wani lokaci kansar jini ce ke fara leƙowa ta nan.

Jannatu ta shigo da takardu, ta gan shi, ta waiga bayansa.

"Baba, ina Mma Mulika? Bai zo ba?"

"Ban gane ba."

"Shi muke jira tun wancan sati. Jininshi ne. Kai naka lafiya lau paa."

Mas'udu ya zauna da baki buɗe, audugar likita na ciki. Shekara ashirin da shida yana jin wannan "shi" ɗin, ya fi kowa sanin cewa a Nima mace ma shi ce. Rana ɗaya da abin ya zama na rai da mutuwa, sai ya ji shi da kunnen Damagaram, don kansa kawai ya tuna.

Bai tsaya jiran torotoro, motar haya, ba, da ƙafa ya ratsa lungunan. Ya tarar da ita a gaban kasko, ta juya gefe tana tofar da yawu ja a kwata. Ya sauke kaskon da hannunsa, ya ce ta ɗauko mayafi.

"Bakin naka ne ya tashi?" ta tambaya.

"Naki ne, Mulika. Tun farko naki ne."

A asibiti aka rubuta musu takardar zuwa babban asibiti a ranar, likitar ta ce ba za a san gaskiyar abin ba sai an yi gwaji na gaba. Jannatu ta leƙa ofishin babban likita da takardar ta ce, "Dokita, ya zo."

Mulikatu ta dubi mijinta tana jiran gyaran da ya saba. Yana riƙe da jakarta da hannu biyu.

"Da tuni ta zo," ya ce. "Ni na zaunar da ita kwana tara."