Injin Ƙanƙara da Surukina

Jiya, bayan na ci tuwon rana na kishingiɗa a zaure, sai na yi wani mafarki. Waɗanda ke cikinsa su ne: ni kaina, Jibo mai gyaran injin ban ruwa, da wani raƙumi da ake ce wa Manaja, da baƙi arba'in, da surukina, mahaifin mai ɗakina Tasalla, wanda ba zan rubuta sunansa ba, Allah ya jiƙansa.

Na tsinci kaina a gindin wani dogon dutse inda aka gina masaukin baƙi. Mutane kan zo daga nesa, su ɗaura katako biyu a ƙafa, su sulalo daga ƙololuwa a kan dusar ƙanƙara, sa'an nan su koma sama su sake. Ba kuwa korarsu ake yi ba. Bazara ta riga ta shigo, sama ta daina zubo da ƙanƙarar, saboda haka inji ke yin ta. Bakinsa kamar ganga, yana shan ruwa yana fesa fari har can bisa. Ni aka ɗauka in kula da shi.

Manaja ya miƙo wuya ta tagar ofis, sauran jikinsa na ciki yana buga hatimi.

"Malam Jibo, injin nan bai san fetur ba. Zagi yake ji."

Na ja igiya sau uku, shiru. Na ce masa, "Tsohon banza, ɗan gwangwan!" Nan take ya yi tari ya kama aiki.

"Sharaɗi ɗaya ne," in ji Manaja. "Duk baƙon da ƙanƙara ta narke bai sauko ba, ya zama iyalin mai inji. Ci da sha, har ɗinkin Sallah."

Sai ga ni a ƙololuwa, a kan wata kujera da ke rataye a waya, baƙi arba'in a tsaye bayana. Daga can na ji injin ya mutu, domin babu mai zaginsa. Na ɗura masa ashar daga sama, iska ta kwashe. Rana kuwa ta buɗe sosai. Ƙanƙarar ta yi ta janyewa har ta rage siririyar hanya, faɗin tabarma ɗaya.

Wata baƙuwa mai baƙin tabarau ta taɓa kafaɗata.

"Baba, gara ka yi sauri. Ni dai ba na cin tuwon dawa."

Aka ɗaura mini katakon, aka miƙo mini sanduna biyu, na sulala. Dole in faɗi gaskiya, abin akwai daɗi. Babbar rigata ta cika da iska, hulata ta wuce ni ta yi gaba.

Saura taku ashirin in isa injin, sai ga surukina zaune bisa buzu a tsakiyar hanya, yana ɓare goro. Shekararsa goma sha bakwai da rasuwa, amma suruki suruki ne, ba a wuce shi da takalmi. Katakon kuwa a jikin takalmin yake. Na ja na tsaya, na kwance, na durƙusa.

"Barka da hutawa, Baba."

"A'a, Jibo ne? Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Yaya iyali? Yaya ƙafar Tasalla?"

"Da sauƙi, Baba."

"Yaya sanyi?"

Na dubi ƙasa. Ruwa na bin gwiwoyina.

"Sanyi ya yi sauƙi ƙwarai, Baba."

Daga inda nake, injin zai ji ni sarai. Zagi ɗaya ya isa. Amma tun da aka ɗaura mana aure ko tsaki ban taɓa yi a gaban mutumin nan ba. Na sunkuyar da kai, na karkata wajen injin, na faɗi mafi munin abin da bakina ya iya ɗauka.

"Allah ya shirye ka."

"Amin," in ji surukina. "Yaya mutanen unguwa?"

Muka bi unguwar gida gida. Kafin mu kai gidan liman, ƙanƙarar ta ƙare ƙaf, ciyawa ta tsiro tsakanin yatsun ƙafata. Sa'an nan ya miƙe, ya kakkaɓe buzunsa, ya dubi injin.

"Wannan shegen tarkacen na wane ne?"

Injin ya tashi da ƙarfinsa duka. Sai dai baƙin sun riga sun gangaro da ƙafa, kowa da akwatinsa a ka, Manaja na buga musu hatimi a goshi ɗaya bayan ɗaya. Mai tabarau ta durƙusa gabana.

"Baba, ina ne ɗakinmu?"

Surukina ya ƙirga su da yatsa, ya ce, "Madalla, zuri'a ta yi albarka."

Sai na farka, na ji ana kankare tukunya a tsakar gida. Tasalla ce. Na leƙa, na ga ƙaramar tukunyar ce, ta mutum biyu, na yi hamdala.

Boko da furfura na koye shi. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara mini, ba zan ji haushi ba. Amma kada kowa ya ce da na yi zagin. Ko yau aka mayar da ni, durƙusawa zan yi.