Ta Ƙasa Ba Ta Yi Ba

Merv Tolhurst ya sauko daga tsani a karo na huɗu yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro ƙararrawar hayaƙi da wanda ya cusa ta cikin doka. Shekara arba'in da uku yana zaune a gidan nan na katako a garin Bundaberg, mai tsaye kan dogayen ƙafafu, ko labule bai taɓa ƙonewa ba. Yanzu wai kowane ɗakin kwana sai da ƙararrawarsa, da lungun tsakiya, da ƙarƙashin gida inda injin wanki yake. Kuma wai in ɗaya ta shaƙi hayaƙi, dole sauran su ɗauka gaba ɗaya.

Ba dokar ce kaɗai ke ci masa tuwo a ƙwarya ba. Tun rasuwar matarsa, 'yarsa Narelle ta sa shi a gaba da maganar gidan tsofaffi. Ya ja daga, ta ja daga, daga ƙarshe suka tsaya a kan cewa muddin yana iya riƙe gidan yadda doka ta ce, ba wanda zai tashe shi. Ranar Asabar za ta zo ta gani da idonta.

Shi ya sa ya sayo shida, uku a wannan kanti, uku a wancan inda aka karya farashi. Araha kuwa ba ta ado. Kwana biyu yana danne-danne, yana karanta takarda mai rubutu kamar ƙafar kiyashi, ƙararrawa shidan nan sun ƙi sanin juna. Haushi ya ishe shi har ya yi jifa da sukundireba cikin shukar gwanda. Dole ya haɗiye girman kai ya kira Gavin mai aikin wutar lantarki, wanda bai samu zuwa ba sai ranar Asabar ɗin, yana tsayar da mota Narelle na tsayar da tata.

Gavin ya juya ƙararrawa biyu a hannu ya yi dariya. "Dattijo, ai ka haɗa auren da ba a jin yaren juna. Wannan kamfani daban, wannan daban. Ko shekara za ka yi ba za su gaisa ba."

"Da kai da su duk ɓarayi ne," in ji Merv. "Sa naka mu gani."

"Baba, tsani ka hau kai kaɗai?" Narelle ta tambaya.

"A'a, tashi na yi sama da fiffike. Ki dafa wa mutumin nan shayi."

Kafin shayi ya huce Gavin ya cire na Merv ya ɗaura nasa shida. Merv na biye da shi ɗaki ɗaki yana kushe, amma can cikin ransa murna yake. Yau dai bakin Narelle zai mutu.

"Saura gwaji," Gavin ya ce. "Dattijo, sauka ƙasa ka tsaya wajen ta can. Zan danna ta ɗakinka, ka gaya mana in ta amsa."

Merv ya sauka ya tsaya kusa da injin wanki, hannu a ƙugu, ido a sama. Ya jira. 'Yar fitila ja ta fara ƙyaftawa, sai wani siririn zuuu can nesa kamar sauro a wani ɗaki. Shi ke nan. Karensa ya fito daga ƙarƙashin tebur a guje, ya tsere can bayan gidan. Ran Merv ya ɓaci, ga shi an kira gwani ma aikin bai yi ba.

"Gavin!" ya ƙwala kira. "Ta ƙasa ba ta yi ba! Ka ɗaura min mushe!"

Suka sauko da sauri. Gavin ya toshe kunne ɗaya da yatsa, Narelle ta rufe duka biyun da tafin hannu, fuska a yamutse. Bakinta na motsi, da alama ihu take yi, shi kuwa guntun kalmomi kawai ke iso masa. Gavin ya miƙa hannu ya danna, fitilar ta mutu, su biyun suka sauke ajiyar zuciya tare.

Nan Merv ya gane. Shekara talatin da ya yi yana aiki a gindin injin matsar rake ba su tafi haka nan ba, sun taɓa masa kunne. Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda.

Gavin ya yi gyaran murya. "Akwai wata ƙararrawa mai girgiza matashin kai ta tashi mai barci, dattijo. Ana haɗa ta da waɗannan, ba wuya." Ya rattaba hannu a takardar shaida ya miƙa. "Gida dai ya cika doka."

Merv ya karɓa ya juya ga 'yarsa. "Kin ji ko? Ya cika. Abin da muka yi da ke ke nan."

Narelle ta matso daf da shi, idonta ya kawo ruwa, ta yi magana a hankali yadda zai ga leɓenta.

"Baba, gidan ya ci jarrabawa. Kai nake so in tarar da rai."