Bairos Mai Sanƙo

A gidan su matata Injiniya suke ce mini, ko da yake ban taɓa shiga ajin kwamfuta ba. A shagon buga takardu na koya, da lalube da ɓata takarda. Da na iya kuwa sai na zama mai wa'azi. Duk taron da aka yi sai na tsare wani a lungu ina gaya masa kada ya sa ranar haihuwarsa a kalmar sirri, kada ya bar akawun ɗinsa a buɗe a kwamfutar wani. Ƙannen matata in sun hango ni sai su ɓoye wayoyinsu.

Surukina yana da shagon fenti da tayil. Gwiwa ta fara damunsa, 'ya'yansa maza kuma duk sun yi nisa. Wata rana ya ce mini, "Injiniya, ƙarshen wata zan haɗa ka da dillalaina. Shagon nan kai za ka riƙe."

Na ce, "To, Baba."

Ni fa ba na so. Ina son aikina, ina son ƙarar firinta, kuma ban san bambancin fari da ruwan madara a fenti ba. Amma ta ina zan dubi mutumin da ya ba ni 'yarsa in ce a'a? Sai na shiga tuhumar kaina. "To" ɗin da na ce alkawari ne ko ladabi? In na karɓa ba da son raina ba shagon ya mutu a hannuna, na yi biyayya ko na ci amana? Ban tambayi kowa ba, intanet na riƙa tambaya.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare ya kira ni. "Zo ka duba kwamfutar nan, wani abu ya shige ta."

Na same shi a ɗan ofishinsa na bayan shago, inda warin tina, ruwan sirka fenti, ke sa ido ruwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya nuna mini kujera.

"Duba nan," in ji shi. "So nake in nemi yadda ake cire tabon siminti a tayil."

Ya sa yatsa ɗaya ya buga "yadda ake" a burawza. Kafin ya ƙara harafi, layuka suka zubo a ƙasa. Ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi, a hankali, kamar mai karanta sanarwa.

"Yadda ake ce wa suruki a'a ba tare da rashin kunya ba. Yadda ake janye alkawarin da ba a yi niyya ba. Yadda ake tsayar da sanƙo."

Hannuna ya tafi kan hulata da kansa.

Nan take na gane. Lokacin da ya sayi kwamfutar ni na saita masa ita, na shiga da akawun ɗina don in sauke wata manhaja, na tashi ban fita ba. Tun daga ranar duk abin da na nema a gidana yana zuwa teburinsa. Ni, mai wa'azin kalmar sirri.

"Irin bairos ɗin nan ne da kake faɗa?" ya tambaya.

Ga ƙofa ya buɗe mini. In na ce eh, na yi wa dattijo ƙarya a kan kujerarsa. In na ce a'a, na faɗa masa a fuska abin da na kasa faɗa wata guda. Na laluba ko akwai hanya a tsakani.

"Yana... yana kama da shi, Baba."

"Allah sarki," in ji shi. "Bairos da suruki. Ga kuma sanƙo."

Ban ɗaga kai ba. Na jawo linzamin kwamfutar zan fitar da akawun ɗin, ya dafa hannuna.

"Bar shi tukuna. Akwai abin da ban gama ba. Ka je, ga masu saye can suna jira na."

A hanya na yi wa kaina shari'a na kuma ɗaukaka ƙara. "Yana kama da shi" ƙarya ce ko ba ƙarya ba? Kama dai ya yi kama. Amma na san abin da nake so ya fahimta, ƙaryar kuwa a nan take zama. Har na wuce layinmu ban sani ba.

Da na gaya wa matata, dariya ta yi har ta ajiye tsintsiya ta riƙe bango.

"Baban yara, sanƙon ma sai da ka kai wa Baba?"

"Ba abin dariya ba ne."

"Ni ma ban san ba ka son shagon ba. Kwamfuta ka gaya wa, ina zaune a gabanka?"

Wannan ta fi ta sanƙon zafi.

Na buɗe kwamfutata da niyyar canza kalmar sirri, wanda zai fitar da akawun ɗin daga ko'ina. Kafin nan na leƙa tarihin bincike don in ga iyakar ɓarnar. A can sama na ga layukan da ba ni na rubuta ba. Ashe hanyar biyu ce, abin da ya nema shi ma yana zuwa wurina.

Na farko: yadda ake cire tabon siminti a tayil.

Na biyu: yadda ake gaya wa mijin 'yarka ɗan ƙaninka zai riƙe shago ya daina ramewa.

Na uku: sanƙo ba shi da magani.

Matata ta karanta ta bayan kafaɗata. Sannan ta ce, "Ka kira shi mana."

"In ce me?"

"Ka ce ka gode, kamar mutane."

Na ɗauki waya, na dube ta, na ajiye. Na jawo kibod na rubuta: yadda ake gode wa suruki. Matata ta ce Allah ya shirye ni, ta koma shararta.

Ban canza kalmar sirrin ba. Na zauna ina sabunta shafin kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Can sai sabon layi ya fito: ana zuwa da ƙafa ne a kawo jikoki.

Washegari muka je gaba ɗayanmu. Na durƙusa na ce, "Baba, na gode. Kuma ba bairos ba ne."

"Na sani," in ji shi. "Hotonka na nan a kusurwar allon tun ranar da ka saita ta. Yanzu zo ka fitar da kanka, kafin ka nemi wani abin da ba zan iya mantawa ba."