Shaidar Ƙwai

Shekara goma sha tara yana tuƙa motar ƙwai ta wani gidan gona, bai taɓa fasa ko guda ba. Shi ya sa abokan aikinsa suke ce masa Lallaɓa. Mutum ne da yake taka birki tun yana hango rami daga nesa, har masu keke su wuce shi suna yi masa dariya.

To, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Da hantsi yana tsaye a wata danja da ke kan hawa, ƙafarsa a kan birki, sai ƙaramar motar da ke gabansa ta fara gangarowa da baya. Ya danna hon, amma ina! Ji kake ƙum, fitilarsa ta tarwatse a ƙasa.

Ɗan sandan hanya da ya zo bai ma bari ya kai aya ba. Ya ce magana a fili take, na baya shi ke da laifi, tunda shi Allah ya ba idon ganin na gaba. Lallaɓa ya san abin da hakan ke nufi. Dokar gidan gonar ba ta da sassauci: direban da aka rubuta wa laifin haɗari ya ajiye makulli. Ga 'yarsa a shekarar ƙarshe ta karatun jinya, ga furfura. Wa zai ɗauki tsoho aiki?

Mai motar gaban wata dattijuwa ce. Mijinta na zaune a gefe, ɓarin jikinsa a shanye, takardun asibiti a cinyarsa. Ta fito ta tsaya, idonta a ƙasa.

Lallaɓa ya roƙi ɗan sandan ya zo ya ga wani abu. Ya buɗe bayan motarsa. Ƙwai ne jere, kiret bisa kiret har rufi. Ya ce da a guje ya zo ya daki motar, da duk sun zube gaba, da yanzu ƙwanduwa na bin titi. Ɗan sandan ya leƙa, ya taɓe baki, ya ce ƙwai ba ya ba da shaida, ya ci gaba da rubutunsa. Nan fa hawaye ya zubo wa Lallaɓa, babban mutum, a gaban jama'a.

"Yallaɓai, dakata," in ji dattijuwar. "Ƙwan nan gaskiya suka faɗa. Ni na gangaro masa."

Ta ce sati biyu ke nan da ta fara koyon mota, don babu mai kai maigidanta asibiti, ko lasisi ba ta yi ba. Ta san abin da hakan zai jawo mata, amma ba za ta iya barci da alhakin bawan Allah ba.

Ɗan sandan ya yage shafin, ya buɗe sabo, ya tambayi sunanta. Tausayinta ya kama Lallaɓa har murnar ta gagare shi. Ya matsa kusa da ita, ya ce, "Yaya, in kin tsaya a kan hawa, ki riƙa jan birkin hannu." Iyakar abin da ya samu ya ba ta ke nan.

Ya koma ya gyara kiret ɗin sama kafin ya rufe ƙofa. Ya ɗaga shi zai daidaita masa zama. Kiret ɗin ya suɓuce, ƙwai talatin suka fashe a kan takalminsa.