Kada Ku Zaɓe Ni

Babana da Kawu, wan mahaifiyata, tare suka kafa reshen jam'iyyar 'yan ƙwadago a unguwarmu tun ina goye. Baba bakanike ne a masaƙa. Kawu tsohon malamin makaranta ne, mutumin da ba ya lanƙwasuwa. Bara suka ɓata a kan yajin aiki. Baba ya ce a sasanta da masu masaƙa a ceci ayyukan mutane, Kawu ya ce wannan sayar da talaka ne. Jam'iyya ta dare gida biyu. Ɓangaren Baba ya riƙe alamar guduma, na Kawu ya yi sabuwar rajista da alamar fitila. Ofis kuwa ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon ɗinki, kuma babu wanda ya yarda ya fita, sai suka raba shi da falanki. In ɗaya ya yi tari, ɗayan na ji.

Da zaɓen kansila ya zo, dukansu suka tsaya. Na ukunsu surukin mai masaƙa ne, ɗan babbar jam'iyya, wanda ke son rushe rumfunan bakin titi ya yi wurin ajiye motoci. Kowa ya san in ma'aikata suka raba ƙuri'a, shi zai ratsa ta tsakiya ya wuce. Umma ta yi musu magana har ta gaji.

Zaɓe na matsowa, wata safiya na fito zan tafi kemis ɗin da nake aiki, sai na ga fuskar Kawu ta cika unguwa. Manyan fastoci masu ƙyalli a kowane bango, har giɓin haƙorinsa an cike masa. Da rana sai ga shi ya shigo da guda a naɗe.

"'Yar nan, babanki ne ya yi wannan don ya yi mini ba'a?"

"Haba Kawu, Baban da ko ƙwan lantarkin ofis ya gagare shi?"

Ya juya ya fita. Ashe wurin mai ɗab'i ya nufa, wani tsohon ɗalibinsa. Mutumin ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗi gaskiya: direban surukin mai masaƙa ne ya kawo aikin.

Kawu ya dawo ya zauna a bencin marasa lafiya, ya faɗa mini abin da ya jiyo. "Wato ni ne wuƙar da za a yanka mutanena da ita," ya ce.

Washegari ya je ofishin zaɓe zai janye, aka ce masa bakin alƙalami ya bushe, an riga an buga takardun ƙuri'a da fitilarsa a jiki. Daga can ya hau bene ya tura ƙofar ɓangaren Baba, abin da bai yi ba tun rabuwarsu. Ina wurin, na kai wa Baba maganin ciwon baya.

"Har gobe ka yi kuskure a kan yajin aiki," in ji Kawu.

"Na ji, Yaya."

"Ara mini lasifikarku."

Haka Kawu ya shiga kamfen ɗin kayar da kansa. Ya hau bayan motar wani mai kayan gwari, yana bin layi-layi. "Ni ne mai fitila," yake cewa. "Hoton nan da kuke gani ba ni na buga shi ba. Kada ku zaɓe ni, ku dangwala wa guduma."

Abin bai zo da sauƙi ba. Wasu samarin ɓangarensa suka ce an saye shi, suka yi fushi suka watse. A bakin masaƙa wata dattijuwa mai shara ta riƙe masa riga. "Malam, kai ka koya wa 'ya'yana karatu. Kai zan zaɓa, ko ka so ko ka ƙi." Sai da ya sauko ya durƙusa yana roƙonta.

Ranar zaɓe an yi layi lafiya, amma gardama ta tashi a wata rumfa, sakamako bai fito ba sai washegari da la'asar. Muka taru a falonmu, rediyo a kan tebur, Umma ta kasa zama. Da aka karanta, Baba ya tsallake da ƙyar, da tazarar ƙuri'un da masu su ba za su cika motar haya ɗaya ba. Ƙuri'un fitila kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Baba ya rufe fuska da tafin hannu. Umma ta sauke ajiyar zuciya, ta zame ta zauna a ƙasa. A waje matan rumfunan bakin titi sun fara buga murafen tukwane.

Kawu ya miƙo mini hannu. "Auna mini jinin nan, 'yar nan. Kwana biyu kaina kamar ba nawa ba."

Na auna, na ce masa hawan jininsa ya sauka sosai. Ya gyaɗa kai, ya juya wajen Baba.

"Ranar zamanku na farko a majalisa ina kujerar 'yan kallo. Ka kauce ko da taku ɗaya, za ka ji muryata."

"Ka zo da wuri, Yaya," in ji Baba. "Kujerun ba su da yawa."