Muryar Maman Auta

Duk layin an san Garwashi mai walda, kuma ba don iya ƙera ƙofa kawai aka san shi ba. Mutum ne mai zuciya a kusa, hannunsa na riga bakinsa magana. Abu ɗaya ke sanyaya shi a duniya: idan 'yarsa Auta ta dawo daga makaranta, ta hau cinyarsa, ya buɗe mata tsohuwar kwamfuta su kalli mahaifiyarta. Shekara biyu ke nan da rasuwar matar. Bidiyo goma sha ɗaya ta bari, ga ta tana shanya, ga ta tana yi wa Auta kitso tana yi mata faɗa ta daina motsi. Wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da faɗawa ruwa. Idan ba a cikin kwamfutar nan ba, babu inda muryar matar nan ta rage.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, yana tsakiyar haɗa rodin taga wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗage tabarau, ya kara ta a kunne.

"Ranka ya daɗe, daga ofishin kula da kwamfutoci na kamfani nake kira," in ji wata murya mai laushi. "Kwamfutarka na ta aiko mana da alamar haɗari tun safe. Cuta ta shige ta. Ko wani ya buɗe ta kwanan nan?"

Ai kuwa an buɗe ta. Makon jiya fankar cikinta ta tsaya, ya kai wa ƙanin marigayiyar, wanda kowa ke kira Kawu saboda Auta, mai shagon gyara a bakin titi. Garwashi da bakinsa ya zayyana wa mai kiran komai, har da abin da ke cikin kwamfutar da yadda yarinya ba ta cin abincin rana sai ta gani. Wallahi mutumin bai tambayi rabin abin da aka gaya masa ba.

"Ash-sha," in ji muryar. "Masu gyaran nan haka suke yi, su sa manhajar sata don a koma musu. Saura minti arba'in komai ya goge. Amma kada ka damu, ina tare da kai."

Garwashi ya kashe injin, ya haura sama ɗakinsa da gudu, ko safar hannu ɗaya bai cire ba. Da ƙatuwar yatsarsa mai tabon wuta ya dinga danna abin da aka ce ya danna. Aka ce ya sauko da wata manhaja, ya sauko. Aka ce ya karanto lambobi tara da suka fito, ya karanto, har yana maimaitawa don kada bawan Allah ya yi kuskure. Sai ga kibiyar nan tana yawo a allo ita kaɗai, ba mai taɓa ta. Har godiya ya yi.

Kibiyar ta tafi kai tsaye kan jakar bidiyon da aka sa wa suna Maman Auta, ta tsaya.

"To, maigida," muryar ta canza, laushin ya tafi. "Yanzu kayan nan a hannuna suke. Ka turo abin da zan faɗa maka, ko ka yi ban kwana da su."

Wani mutumin da sai ya yi shiru, ya zare wayar intanet, ya nemi wanda ya sani. Garwashi fa? Ya miƙe tsaye ya shiga surfa ashar. Ya zagi uwar mutumin, ya zagi ubansa, ya rantse sai ya nemo shi ya narka masa rodi a maƙogwaro. Can ɗaya ɓangaren dariya aka yi. Yana kallo da idonsa bidiyon farko ya ɓace. Na biyu. Na shanya. Na kitso. Ya damƙi allon da hannu biyu kamar zai riƙe su, ina! Jakar ta koma wayam, aka katse kiran.

Ya kira lambar sau shida, a kashe. Zuciyarsa na tafasa, ga wanda ya yi masa ba shi da fuska balle wuyan da za a shaƙe. Amma akwai mai fuska a bakin titi, kuma ai kamfani da kansa ya ce shi ya sa cutar. Ko a ransa bai tsaya ya tuna cewa bakin da ya faɗi haka shi ne bakin ɓarawon ba. Ya ɗauki kwamfutar a hammata, ya sauka, ya zari guduma daga kan teburin aiki.

Shagon Kawu ɗan ƙuƙut ne, kanta uku a bango, kowace cike da kayan mutane, kowanne an manna masa farin tef da suna. Kawu na zaune da ƙaramin sukundireba a baki, ya ɗago yana murmushi.

"A'a, Yaya, yau kuma wa ya taɓo ka? Irin wannan fuska sai ka ce..."

Bai ƙarasa ba kwamfutar ta sauka a gefen kansa. Ya kife daga kujera. Garwashi ya sake ɗaga ta ya maka da gefen tebur, ta dare biyu, maɓallai suka watse a ƙasa. Ya cakumo wuyan rigar Kawu, ya ɗago shi, ya kai masa naushi a baki.

"Munafuki! 'Yar'uwarka ce fa! Ciki ɗaya!"

"Yaya, tsaya, me ya..."

"Rufe min baki!"

Ya ƙara masa wani. Haƙori ya faɗo kan tayil. Kawu ya ɗaga hannu zai kare fuska, gudumar ta same shi a tsintsiyar hannu, aka ji ƙas. Ihun da ya yi har masu shagon ƙetaren titi sai da suka ji. Garwashi ya juya kan kantoci. Tun da an raba shi da nasa, to kowa ma ya rasa. Ya share ta farko da guduma, ya share ta biyu. Da ya kai ta uku sai Kawu, da ke kwance cikin jini, ya rarrafo ya riƙe masa ƙafa da hannun da ya rage.

"Ban da wannan! Don Allah, Yaya, ban da wannan!"

Wannan magiyar ita ta ƙara tunzura shi. Wato a nan abin da yake ji da shi yake? Ya shure shi, ya sauko da kayan kantar ƙasa, ya durƙusa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kirɓawa kamar mai daddaɓe ƙarfe, sai da ya tabbatar babu mai sauran amfani.

Mutum huɗu suka taru kafin su danne shi: tela, mai kemis da direbobi biyu. Aka ƙwace gudumar. Mai kemis ya jingina Kawu da bango yana danna masa auduga a baki, yana tambayar me ya haɗa su. Garwashi na haki ya faɗi komai, kamfani, cuta, lambobi tara.

Kawu ya tofar da jini. Maganar na fita da ƙyar.

"Wane kamfani? Yaya, kamfani ba ya kiran kowa. Ba su san kana duniya ba. Ɓarawo ne, kai ka buɗe masa ƙofa da hannunka."

"Ƙarya kake!"

"Da ka kawo ta lafiya ma, wataƙila da na ciro su." Ya kalli ɓallin kwamfutar, ya rufe ido. "Amma ba wannan ba ne. Ni ba na kwance na'urar kowa sai na kwafe duk abin da ke ciki a faifan ajiya, in manna suna, in ajiye har tsawon wata guda. Haka maigidana ya koya min. Naka ban yi niyyar gogewa ba har abada. Ni ma ina kunna bidiyon in na rufe shago."

Tela ne ya fara sakin hannun Garwashi.

"Yana ina?" Muryar Garwashi ta zama ƙarama.

Kawu ya kalli tarkacen da ke ƙasa.

Garwashi ya rarrafa cikin tarkacen, gilashi na yankar gwiwarsa bai ji ba. Ya ɗaga wannan, sunan wani. Ya ɗaga wancan, sunan wata. Can kusa da ƙofa ya ga wani ɗan akwatin ƙarfe mai girman sabulun wanka, ya lotsa a tsakiya daidai faɗin kan gudumarsa. Da ya ɗauka sai ya ji cikinsa na ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa a gwangwani. Farin tef ɗin bai yage ba. Da rubutun Kawu an sa: Yayata. Kada a goge.

"Ana gyarawa?" ya tambaya. "Kawu, ana gyara irin wannan ko? Ko nawa ne."

Kawu ya girgiza kai, hawaye na haɗuwa da jinin haɓarsa.

Aka sa Kawu a motar ɗaya daga cikin direbobin zuwa asibiti. Garwashi ba wanda ya kula shi, ba wanda ya ce masa ya tashi. Yana nan zaune a ƙofar shago da abin a hannu har 'yan makaranta suka fara wucewa. Auta ta hango shi daga nesa, ta taho da gudu jaka na dukan bayanta. Ta tsaya, ta dubi jinin da ke rigarsa, ta leƙa shagon.

"Baba, ina Kawu?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ja shi da hannu.

"To tashi mu je gida. Yau na kitso za ka sa min."