Ɗakin da Ke Kallon Titi

Ranar da aka yaye rufin gidan, asirin kowa ya tonu: katifun da suka sha yoyo, da kwanukan tarar ruwa jere a gefen gadaje. Ɗan mai gida, wanda ya gaji gidan bara, ya tsaya a tsakar gida yana rantsuwa cewa da an gama gyara kowa zai koma ɗakinsa.

Masu hali cikin 'yan haya suka kwashe kayansu suka yi gaba. Wata dattijuwa mai sana'ar guga ba ta da inda za ta kai mijinta, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, sai aka ba su ɗakin ajiya da ke can ƙurya, inda ake jibge siminti. A nan ne take goge kayan mutane, ƙura tana sauka a kan farar riga tun kafin ta ninke ta. Masu kawo guga suka janye. Tsohon kuwa tari ya sarƙe shi.

Wata safiya ta je leƙa ɗakinsu, ta tarar an toshe ƙofar da bulo. Ta zagaya ta titi. An rushe bangon gaba har da tagarsa, an kafa wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe.

"Sannu da aiki," ta ce wa magini. "Wannan ƙofa fa?"

Bai ɗago ba. "Mama, shago aka ce mu fitar. Layin nan duk shaguna ne."

Ta tare ɗan mai gida yana shirin shiga mota. "Ɗana, a ɗakin nan na goya ka kana tsumma."

"Na sani, Mama. Ki ƙara haƙuri, za mu zauna." Ya kau da kai. "Ɗakin ajiyar ma injin wuta za a sa a ciki. Amma ba yau ba."

Ya ja ƙofar motar.

Ta baro bakin titi ta koma ɗakin ajiya. Tsohon ya juyo da ƙyar, harshensa yana harɗewa.

"Kin gano? Sun kusa?"

"Sun kusa, Malam."

"In mun koma, a matso mini da gado bakin taga. Na gaji da kallon buhuna."

"To," ta ce.

Ta gyara masa matashi, ta sa gefen zaninta ta share simintin da ya kwanta masa a gemu. A waje, guduma ta fara cin bango na gaba.